Tambaya da Amsa: Hutun Yara da Laka, Kara da Ƙaro

Babban hutu ya kama, damina ta sauka. A Kamaru yara suna gida har farkon Satumba, a Chadi kuma galibi sai Oktoba ake komawa aji. Wasiƙun da suka iso wannan fili kusan duk hanya ɗaya suka bi: me za a ba yara su yi da hannunsu, kuma me ya sa abin da aka gwada yake lalacewa tun ba a je ko'ina ba. Duk inda muka ce kofi, kowane kofi ya yi, muddin da shi za a auna komai. Cokali kuwa babban cokalin cin abinci muke nufi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarana uku suna son gina shanu da raƙuma da laka, amma kafin kwana biyu duk sun tsattsage, ƙaho da ƙafafu sun zube. Daga bakin Binuwai ake ɗebo musu lakar. Ina matsalar take?
Wata uwa, Yelwa, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaranki ba su da laifi. Laka idan tana bushewa tsukewa take yi, wata har kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta, kuma baƙar lakar fadama, irin wadda ake dasa masakwa a kanta, ta fi kowace tsukewa. Dubi yadda fadamar kanta take darewa da rani. Idan waje ya bushe ya tsuke alhali ciki yana ɗanye, dole fatar ta tsage.

Sai a gyara lakar tun kafin ta shiga hannun yara. A farfasa busasshiyar laka, a jiƙa ta a bokiti ta kwana, a dama, a tace da tsohuwar rariya ko guntun gidan sauro don tsakuwa da saiwoyi su fita. A juye a kan buhu ta tsane har ta daina kama hannu. Daga nan a zuba mata abin da zai rage tsukewar: yashi mai laushi ko dakakken tsingaro, awo ɗaya cikin awo uku na laka. In baƙar laka ce sosai, ɗaya cikin biyu. Tsingaron ya fi yashi, domin ya riga ya sha wuta, ba zai sake motsi ba. A ɗan yayyafa masa ruwa lokacin daka saboda ƙura. A murza sosai, sannan a gwada: a mulmula igiya mai kaurin ƙaramin yatsa a naɗe a yatsa. In ta naɗu da 'yan tsagu kaɗan, ta yi. In ta karye, yashi ya yi yawa, a ƙara laka.

Zubewar ƙaho da ƙafafu kuwa daga manni ne. Yaro yakan mulmula ƙafa daban ya danna a jiki, sai ta bushe daban ta rabu. A koya masa ya jawo ƙafa da ƙaho da tozo daga cikin curin da kansa. In dole sai an manna, a kakkarce wuraren biyu da tsinke, a shafa ruwan laka mai kaurin kunu, a haɗa, a shafe gaɓar da yatsa. Kada a soka itace a ciki don ƙarfi: laka za ta tsuke, itacen ba zai tsuke ba, nan take za ta dare a kansa. Jikin dabbar kuma kada ya wuce kaurin yatsu biyu. In ya fi haka, a huda shi ta ƙasa da fensir.

Shanya ita ce wurin da aka fi gaggawa. Ban da rana, ban da bakin iska. A jera a inuwa a kan kwali, a rufe da tsumma kwana biyun farko, sannan a buɗe. Da damina a ba shi mako guda ko fiye. A kanga a kumatu: in da sanyi, da sauran ruwa. Wanda yake son sheƙi ya goge da santsin dutse tun lakar ba ta gama bushewa ba.

Gashi aikin manya ne. Laka ba ta zama tukunya sai zafi ya kai wajen digiri 600, kuma in akwai sauran danshi, ruwan zai zama tururi ya fasa ta da ƙarfi, ɓaraguzai su yi tsalle. Mafi sauƙi ki roƙi mai ginin tukwane ta sa su cikin nata gashin. Wanda yake Njamena kuma ya kai yara Gawi, ƙauyen ƙabilar Kotoko da ke kusa da birnin, su ga mata suna gini da hannu, su ga kayan yumɓun mutanen Sao, waɗanda suka zauna a yankin a zamanin da, a gidan tarihin da ke tsohuwar fadar sarki.

Abu ɗaya muke roƙo: kada a aiki yara ɗebo laka a bakin kogi da damina. Gaɓa tana zaftarewa, akwai dorina a Binuwai, kuma ruwan kududdufi yana ba da tsargiya.

TAMBAYA: Jikata shekararta biyu da rabi, tana kuka sai an ba ta laka irin ta yayyenta, amma komai a baki take sa shi. Na ji ana yin wani ƙulli da fulawa. Yaya ake yi?
Wata kaka, Domayo, Marwa

AMSA: Hajiya, Allah ya raya ta. Ga yadda ake yi: fulawa kofi 1, gishiri rabin kofi, ruwa kofi 1, man gyaɗa cokali 1, ruwan lemun tsami cokali 2. A haɗa a tukunya tun ba a ɗora ba, a dama har gudaji su mutu, sannan a ɗora a wuta kaɗan ana tuƙawa. Cikin minti uku zuwa biyar zai haɗe ya saki gefen tukunya. A sauke, in ya huce a murza. In yana kama hannu, bai dahu ba, a mayar minti ɗaya. In yana marmashewa, a jiƙa hannu a ci gaba da murzawa. Garin dawa ko na masara ba sa yi su kaɗai, don ba su da danƙon alkama. A ajiye a roba mai murfi. Da damina gishiri yana jan danshin iska, in aka bar shi a buɗe sai a tarar yana zufa.

Amma wannan na 'yan shekara uku ne zuwa sama, waɗanda suka daina kai komai baki. Ku lura da lissafin: cokali ɗaya na wannan ƙulli yana ɗauke da gishiri wajen giram 5, alhali yaro mai shekarun jikarku bai kamata ya wuce giram 2 a yini ba. In ta haɗiyi curi, abin asibiti ne. Kaji da awaki ma yana iya kashe su, kada a zuba musu ragowar.

Ita a yi mata nata daban, ba gishiri: fulawa rabin kofi, ruwa rabin kofi, mai cokali 1, a tuƙa ya dahu sosai. Na yini ɗaya ne. Da yamma a ba kaji, ba a yi wasa da abinci an zubar ba. A zaunar da ita a tabarma da murfin tukunya da muciya ƙarama, a bar ta ta daddanna ta yayyaga. A shekarunta ba siffa ake nema ba, yatsu ne suke koyon aiki.

TAMBAYA: Ina koyar da yara a gida lokacin hutu, su goma sha biyu. Fentin kanti ya fi ƙarfina. Na gwada gawayi da ruwa, amma da ya bushe sai ya kakkaɓe. Akwai dabara?
Wani malami, Njamena

AMSA: Malam, abin da ya rage maka yana nan a kasuwar garinku, kuma ƙasarku na cikin manyan masu fitar da shi zuwa duniya bayan Sudan: ƙaro. Shi ne yake riƙe tawadar allo, shi ne kuma yake cikin fentin ruwan da ake sayarwa a kanti. Nemi mai tauri mai haske, na ɗakwara, wanda 'yan kasuwar Chadi suke kira kitir. Ya fi talha, ɗayan nau'in ƙaron mai marmashi, narkewa da tsabta. A daka, a jiƙa awo 1 cikin awo 2 na ruwan ɗumi, ya kwana, a tace da ƙyalle. Ga yara goma sha biyu, cokali 4 na ƙaro ya wadatar da zaman kwana biyu.

Baƙi: gawayi a niƙa ya yi laushi ƙwarai, ko a kankaro baƙin gindin tukunya, wanda ya fi shi laushi. Ja da ruwan ƙasa: a dama jar ƙasa a ruwa mai yawa, a jira minti ɗaya yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman mai launi a wata roba, a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan da ya tsaya a sama. Lallausan abin da ya kwanta shi ne launin. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sami fenti mai karce takarda. Fari: alli. Rawaya: kurkum. A cuɗa kowanne da ruwan ƙaro daidai wa daida, da bayan cokali a kan faranti, sai a saki da ruwa.

Ka gwada kafin ka ba yara. Shafa a takarda, bari ya bushe, goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsattsagewa, ya yi yawa, a ƙara launi da ɗigo biyu na zuma ko ɗan sukari. Kada a cika zumar, tururuwa za su cinye zanen. Wanda ya rage a zuba a marufan kwalba a shanya ya bushe. Duk ranar da ake so sai a ɗiga ruwa ya farfaɗo. In aka bar shi da ruwa, cikin kwana uku zuwa huɗu zai yi tsami ya yi fumfuna.

Zoborodo, wanda kuke kira karkanji, mutanen Kamaru kuma folere, shi ne ya fi burge yara. A tafasa cikin hannu ɗaya a kofin ruwa har ya koma rabi. A tukunya ja ne, amma a takarda yakan juye ya yi shuni-shuni, domin takardun yanzu akwai alli a jikinsu. Ka ba kowane yaro tsinke mai auduga biyu, ɗaya na ruwan lemun tsami, ɗaya na ruwan kanwa mara ƙarfi. Inda lemu ya taɓa sai ja ya haskaka, inda kanwa ta taɓa sai ya koma shuɗi ko kore. Kurkum ma in kanwa ta taɓa shi ja yake zama. Launin zoborodo yana koɗewa a rana, don haka a rataye zanen a ɗaki.

Buroshi: aswaki da aka daddaka bakinsa, gashin kaza, ko auduga a tsinke. Takarda: bayan kwali ya fi takardar littafi jure ruwa. Abubuwa uku kada su kusanci wannan aiki ko da wasa: baƙin cikin batir, tozali, wanda sau da yawa akwai dalma a cikinsa, da ragowar fentin gini.

TAMBAYA: Ina son koya wa 'ya'yana dara amma na manta ƙa'idojin sosai.
Wani uba, Kuseri

AMSA: Malam, a tona gurabe layi biyar, kowane layi gurbi shida, talatin ke nan. Kowa 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya tsinkaye, ɗaya tsakuwa ko ƙwallon dabino. Da farko zubi ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a jera uku a lokacin zubi. In an gama, gurbi shida ne ya rage a buɗe. Sai tafiya: gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe, ba a tsallake, ba a bin kusurwa. Wanda ya jera uku cif a layi ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku ya faɗi. Wasu garuruwa suna hana cire ɗan da yake cikin jeren uku, wasu ba sa hanawa, don haka a yi yarjejeniya tun kafin zubi. Rigimar yara a dara daga nan take tashi.

Wasan a zubi ake cinsa, wannan ne abin da za ka nuna musu. Ɗan shekara biyar ko shida kuwa a fara masa da gurbi tara, uku sau uku, kowa 'ya'ya uku. Kuma ka riƙa faɗa masa dalilin kowane motsi da ka yi maimakon ka bar masa ci da gangan, yara suna ganewa.

TAMBAYA: Ɗana yana ƙera motar kara, tana da kyau amma ba ta tafiya, tayoyin ja suke yi a ƙasa. Sannan kullum da yanka a yatsa.
Wata uwa, Sabongari, Ngaundere

AMSA: 'Yar'uwa, yankan daga ɓawon kara ne, gefensa yana da kaifi sosai. Babba ya ɓare masa, ko a koya masa ya ja ɓawon yana nesanta shi daga jiki, da tsumma a yatsa. Wuƙa da reza sai ɗan shekara tara ko goma, shi ma a gaban babba.

Gindin mota: kara biyu da ba a ɓare ba, tsawon santimita 20, da gajeru uku na santimita 10 a gicciye, a soke su da tsinken tsintsiya. Sama kuma a gina da totuwa, ana haɗa ta da siraran ɓawo. Karan ya zama busasshe amma ba wanda ƙwari suka ci ba. Ɗanye yana motsewa, tsinkayen su saki. Wanda ya sha ruwan damina a danga kuma ruɓewa yake yi. Shi ya sa lokacin wannan aiki na gaskiya bayan kaka ne, a hutun Disamba. Yanzu sai wanda aka adana a rumfa.

Rashin tafiya dalili uku ne. Na farko, an soka sandar taya kai tsaye cikin totuwa, ta cije. A ɗaure bututun tsohon biro a ƙarƙashin motar, a zura sandar ta ciki, sai ta juya a sake. Na biyu, hudar taya ba a tsakiya take ba. A zana da'irar a takarda, a yanke, a ninka biyu, a sake ninkawa. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya, a ɗora a kan tayar a huda. Wajen yin taya, tsohon silifas ya fi sakaina, don yana cije sandar kuma ba ya fashewa. Na uku, sandar gaba da ta baya ba su daidaita ba, sai motar ta riƙa karkata. A auna tazararsu da zare ta hagu da ta dama, ta zo ɗaya. A bar ɗan fili tsakanin taya da jikin mota, ko a sa murfin kwalba da aka huda a tsakani.

TAMBAYA: In ana ruwa yarana biyar ba sa fita, daga mai shekara uku zuwa mai sha ɗaya, sai faɗa kan wayata.
Wata uwa, Gidar

AMSA: Hajiya, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan ƙasa da shekara biyu ya zauna kallon waya ko talabijin, mai biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Amma ƙwace waya ba tare da an ba su wani abu ba ƙara faɗan yake yi. Ki buɗe musu kasuwa a tsakar ɗaki. Marufan kwalba su ne kuɗi, kowane launi da darajarsa, gwangwanaye da kwalaye kuma haja. Babban shi ne mai kanti yana rubuta ciniki, na tsakiya masu saye, ƙaramin ɗan aike. A yi cinikin da dala kamar yadda ake yi a kasuwa, a rubuta da faran kamar yadda ake yi a aji: dala ashirin faran 100, dala ɗari faran 500, jaka faran 1000. Yaro da yawa yana cin lissafi a makaranta amma a rikita shi a wurin canji, saboda bai taɓa haɗa biyun ba.

In ruwa ya ɗauke, a yi kumfa. Sabulun ruwa na wanke-wanke awo 1, ruwan sama awo 6, sukari cokali 1 a kowane kofi, a juya a hankali, a bar shi awa ɗaya. Ruwan rijiya mai gartsi yana kashe kumfa, garin sabulu kuma yana shiga ido. Iskar bayan ruwa mai danshi ce, kumfar tana daɗewa fiye da ta rani. Da dare tocila da bango sun isa wasan inuwa, kuma a bar yaran su ma su ba da tatsuniya da kacici-kacici, kada kullum babba ne mai baki.

TAMBAYA: 'Yan matana suna tsinto 'ya'yan itatuwa su yi sarƙa da abin hannu. Sun kawo wasu jajaye masu baƙin ɗigo, kyawawa. Da me ake huda su?
Wani uba, Mokolo

AMSA: Malam, kada a huda su, a karɓe su yau. Abin da ka siffanta idon zakara ne, kuma dafinsa yana cikin mafiya ƙarfi a tsirrai. Ɓawonsa ne yake tsare dafin. Da zarar an huda ko an tauna, ƙwaya ɗaya tana iya kashe yaro, allurar da aka huda da ita ma in ta soki yatsa haɗari ce. Haka 'ya'yan zurma, da na bini-da-zugu da ake yin shinge da shi, waɗanda yara kan ci don ɗanɗanonsu ya yi kama da gyaɗa. Farin ruwan tumfafiya kuma yana lahanta ido.

'Ya'yan tsamiya da na kuka ba su da wannan matsala. A tafasa su minti goma su yi laushi, babba ya huda da basilla, a zura a zare tun suna ɗanye don kada hudar ta rufe, a shanya a inuwa. Ko a yi na takarda: a yanka tsohuwar kalanda tsiri-tsiri, faɗin santimita 2 a gindi, tsawon 20, yana tsukewa zuwa tsini, a naɗe a tsinke daga gindin, a manne bakin da sitacin rogo, cokali 1 a kofin ruwa da aka dafa har ya yi garai.

In akwai ƙanin da bai kai shekara uku ba, duk abin da zai wuce ta zoben da babban yatsanka da manuniya suka yi, zai iya shaƙe shi; a yi aikin a faifai, a ƙirga, a ɗauke. In kuma wani ya riga ya tauna idon zakara ko zurma, kada a jira alama, domin takan yi sa'o'i, wani lokaci har kwana, kafin amai da zawo su fara. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A tafi asibiti nan take, a riƙe sauran ƙwayoyin a leda a nuna wa likita.